Maganar siyasa a cikin waya: suka daban, zagi daban



Yau da wuya ka shiga ƙauye ka rasa mai wayar salula. Wanda bai da ita, maƙwabcinsa na da ita. Da marece in an taso daga gona, sai a zauna a kunna saƙon murya, kowa ya kasa kunne. Wani saƙon daga Yamai ya fito, wani daga Kano, wani daga ɗan garinmu da ya tafi bida Libiya ko Abijan. Da yawa cikin saƙonnin nan maganar mulki ce. Wane ya ci kuɗin ƙasa. Wane yaron Turawa ne. Wane shi kaɗai ne ɗan ƙasa na gari. Da can, sai mai gidan rediyo da mai jarida ke iya kai magana nesa. Yanzu kowa da rediyonsa a aljihu, kuma ba sai ya iya rubutu ba. Ya danna, ya yi magana, ya saki.

Talaka ya samu baki, wannan abin murna ne. Amma akwai tambaya da ya kamata mu zauna a kanta. Abin da yake abin kunya a zauren mai gari, ya zama halal don an faɗe shi a waya? In kuwa an ce mu yi ladabi, ma'anarsa mu rufe baki ke nan, mu bar masu mulki su yi yadda suka ga dama?

Mu fara da ta biyun, don ita ta fi sauƙi. Sukar mai mulki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma ba waya ta kawo shi ba. Maroƙa sun san zambo, mata sun san habaici. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke yin shiga irin ta manya, su kwaikwayi sarki da kumandan, tafiyarsu da maganarsu, jama'a na dariya, manyan kuma na zaune suna kallo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin jihar Tawa ta yau, ya rubuta littafi mai suna Kitabul Farƙi. A ciki ya lissafa ayyukan sarakuna da bai yarda da su ba: haraji mai nauyi, ƙwace kayan mutane a kasuwa, karɓar toshiya kafin a yi shari'a. Ko kakanninka suna cikin waɗanda suka bi shi, ko suna cikin waɗanda suka yaƙe shi suka zauna Maraɗi da Tsibiri, ka dai ga tun tuni ana gaya ma sarki abin da bai son ji. A zamaninmu ma, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, an yi babban taron ƙasa a Yamai. Wakilai sama da 1000 suka zauna, aka kira manya, har da masu kaki, aka yi masu tambayoyi, mutane na saurare a rediyo. Saboda haka wanda ya ce maka maganar mulki ba ta ƙananan mutane ba ce, bai san tarihin ƙasarsa ba. Hatsin da ake rabawa naka ne. Lakwal ɗin da babu malami ta ɗanka ce. Kana da hakkin tambaya.

To mene ne ya canza?

A zaure, magana tana da fuska. Wanda ya faɗe ta an san shi, an san ubansa, an san gonarsa. In ya wuce wuri, wani dattijo zai ce masa: "Kai, ya isa haka." Gobe kuma zai haɗu da wanda ya zaga a wurin suna ko wurin jana'iza, dole su gaisa. Wannan shi ne linzamin magana. Ko wasan da ke tsakanin Bafillace da Babarbare, ko Bagobiri da Bazabarme, yana da ƙa'ida. Suna faɗa ma juna maganar da in baƙo ya ji zai ce yau sai an zub da jini, amma su biyun sun san wasa ne, suna kallon juna, kuma kowa na da damar ramawa. Saboda darajar wannan al'ada ta ƙasarmu ne hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2014.

A waya babu linzamin nan. Mai magana yana kwance a ɗaki shi kaɗai. Bai ga fuskar wanda yake zagi ba, bai ga uwarsa ba, bai ga ɗiyansa ba. Babu dattijon da zai tsayar da shi. Wasan da aka yi da taubashi, in ya shiga waya, sai ya kai kunnen wanda ba taubashi ba, shi kuwa ya ɗauke shi cin mutunci. Kuma magana a zaure iska na ɗauke ta, ta waya tana nan ajiye. Bayan shekara uku wani zai tono ta ya sake sakinta, kamar yau aka yi ta. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wannan bunun kuwa, in an zare shi, har bakin teku yake zuwa kafin gari ya waye. Tun da babu mai riƙe maka linzami, ashe kai ne za ka riƙe ma kanka.

Ga misali, don mu gane da kyau. A ce an aiko ma wani gari buhu 200 na hatsi mai rangwamen kuɗi, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Buhu 120 kaɗai aka sayar ma jama'a. Sauran ba a gan su ba. Mutum uku suka yi saƙon murya.

Na farko ya ce: "Ni wane ne, daga unguwa kaza. Ranar Talata mota ta sauke buhu 200, muna wurin, mun ƙirga. An sayar da 120. Muna tambayar mai kula da rabon, ina 80 ɗin suka shiga?"

Na biyu ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya faɗi lissafin nan daidai, amma ya haɗa da ashar. Ya zagi uwar mai rabon, ya ce daman danginsu duk ɓarayi ne.

Na uku ya yi sallama mai kyau. Ya gai da manya da ƙanana, ya yi ma ƙasa addu'a. Da murya mai sanyi ya ce ya ji daga majiya mai ƙarfi cewa mai gari ne ya kwashe hatsin da dare, ya kai gidan sabuwar amaryarsa. Alhali bai ga kome ba, gaba ce kawai tsakaninsa da mai gari kan wata gona.

Ɗan uwa, wane ne ya fi laifi cikin ukun nan? Mutane da yawa za su nuna na biyu, don shi ne kunne ya ƙi. Ni kam na uku nake nunawa. Maganarsa ta fi daɗin ji, kuma ita ta fi dafi. Saboda ladabin da ya yi ne ma za a yarda da shi. Ya ɓata sunan wanda bai ci ba bai sha ba, ya sa matar mutum cikin bakin duniya, ya kuma rufa ma ɓarawo na gaskiya asiri, tun da yanzu idon kowa ya koma wani wuri. Ka ga ashe ladabi daban, gaskiya daban. Ana iya yin ƙarya da sallama da addu'a. Ana iya faɗin gaskiya da baƙar magana. In muna auna magana da daɗin murya kawai, maƙaryaci mai wayo zai riƙa cin mu kullum.

Wannan bai wanke na biyu ba. Fushinsa yana da dalili, wanda ɗiyansa suka kwana da yunwa ba a hana shi zafin rai. Amma duba abin da zaginsa ya haifar. Da safe ba wanda ke maganar buhu 80. Kowa na maganar an zagi uwar wane. Dangin mai rabon, har waɗanda da suna jin kunyar abin da ɗan uwansu ya yi, sun taru bayansa, don an ce duk ɓarayi ne. Dattawa sun shiga tsakani, an sa mai zagi ya ba da haƙuri. Ɓarawo ya zama wanda aka zalunta. Zagi ƙofa ce da kake buɗe ma mai laifi ya fita. Tsohuwar da aka ambata kuwa, ba ta taɓa ganin buhun ba, me ta yi?

Na farko bai yi ma kowa fadanci ba. Maganarsa ma ta fi ta sauran nauyi a wuyan mai rabon, don ba ta da wurin tserewa: ko ya kawo hatsi, ko ya kawo bayani. Ya faɗi sunansa, ya faɗi rana, ya faɗi adadi, ya tsaya a kan aiki. Wannan ita ce suka. Tana iya yin zafi, ba laifi. Iyakarta ita ce aikin da mutum ya yi da hannunsa, ko maganar da ya faɗa da bakinsa. Da ta tsallaka ta shiga abin da bai zaɓa ma kansa ba, uwarsa, ƙabilarsa, launin fatarsa, gurguntakarsa, ta tashi daga suka.

Maganar asali ita ce mafi haɗari, kuma mun ɗanɗana ta. Lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 2020 da 2021, an yi ta gardama kan ko Mohamed Bazoum ɗan Nijar ne. Masu adawa sun kai ƙara, kuma kai ƙara hakkinsu ne. Kotun tsarin mulki ta bar shi ya tsaya. Amma a cikin wayoyi maganar ta wuce takardar mutum ɗaya, ta koma kan fata da ƙabila. Mutum na iya ƙin Bazoum, ko ya ƙi Mahamane Ousmane da suka kara a zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, saboda aikinsu ko jam'iyyarsu. Wannan siyasa ce. Amma in ka ce mai irin wannan fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba ɗan takara kaɗai ka taɓa ba. Ka taɓa makiyayin Tasara da mai shagon Ngigmi, waɗanda ba su nemi kujerar kowa ba. Bayan an faɗi sakamako rikici ya tashi, mutum 2 suka rasu, aka kama ɗaruruwa, aka sa wuta a gidan ɗan jarida Moussa Kaka a Yamai. Gwamnati ta yanke intanet na waya wajen kwana 10. Wanda ya yi zagi da wanda bai yi ba, ɗan kasuwa da mai jiran saƙon ɗansa daga waje, duk suka sha wuya tare.

Akwai ƙasar da abin ya kai ƙarshe. A Ruwanda, can gabashin Afirka, wani gidan rediyo mai suna RTLM ya riƙa kiran ƴan ƙabilar Tutsi kyankyasai, yana haɗawa da kiɗa da ban dariya. A 1994, cikin kwana 100, aka kashe mutum wajen 800,000. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure biyu daga cikin waɗanda suka kafa rediyon. Ba da adda aka kama su ba, da magana aka kama su. Allah ya kiyaye, ba mu kai can ba. Amma duk wanda ya fara kiran ɗan Adam da sunan ƙwaro ko dabba, ya san hanyar da ya hau.

Yanzu mu zo kanmu, mu da ba mu yin saƙo, sai dai mu tura. Kowa ya san amsar da ake bayarwa: "Ni ma turo mani aka yi." Wannan amsa ba ta wanke kowa ba. In wani ya ba ka garwashi a kasko ya ce ka kai bakin rumbun maƙwabcinka, ka kai, rumbu ya ƙone, za ka ce ba kai ka hura wutar ba? Maƙaryaci mutum ɗaya ne. Ƙaryarsa ba ta da ƙafa, mu ne ƙafafunta. Kuma da sunanmu take tafiya, don ƙanenka ya yarda da ita ne saboda daga wayar yayansa ta fito.

Masu WhatsApp da kansu sun ga wannan. A 2018 jita-jitar satar yara ta bi wayoyi a ƙasar Indiya, jama'a suka kashe baƙi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kamfanin ya sa alama a kan saƙon da aka turo, ya kuma rage yawan wuraren da za a tura saƙo a tashi ɗaya zuwa 5. A 2020 ya ƙara tsanantawa: saƙon da ya riga ya bi hannu da yawa, wuri ɗaya kawai za ka iya tura shi a lokaci guda. Duba saman saƙon da ya zo maka. In ka ga ƴar kibiya, ba wanda ya aiko maka ne ya yi shi ba. In ka ga kibiya biyu, ya daɗe yana yawo. Kafin ka tura, ka tambayi wanda ya aiko: wa ya faɗa, yaushe, a wane gari? Sau da yawa za ka ga shi ma bai sani ba. Hoton gawa ko na gobara da aka ce jiya ne a ƙasarmu, wani lokaci tsohon hoto ne na wata ƙasa. Muryar da ta ce "ni babban soja ne, ba zan faɗi sunana ba", kowa na iya yin ta a bayan ɗaki.

Wani zai ce: to a bar ma hukuma, ta kama masu zagi, a huta. A nan sai mu yi hattara. Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet a 2019. A 2022 aka cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, aka bar tara. A watan Yuni na 2024 gwamnatin soja ta mai do da ɗauri: shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa a kan zagi ko ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da aka ce zai ta da hankalin jama'a. Ya kamata kowane mai waya ya san wannan, don kada ɗan yatsa ya kai shi gidan kaso. Gaskiya ne wanda aka yi ma ƙazafi yana da hakkin a bi masa kadinsa. Amma wa ke da ƙarfin kai ƙara? Ba matar ƙauye da aka ɓata ma suna ba. Yawanci babba ne. A watan Yuni na 2020 an kama ƴar jarida Samira Sabou, bayan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya kai ƙararta kan abin da ya fito a shafinta na Facebook game da binciken kuɗin ma'aikatar tsaro. Ta yi kwana 48 a tsare kafin kotu ta sallame ta. Kowace gwamnati, ta farar hula ko ta soja, tana jin daɗin kiran suka da sunan rashin kunya. In "ladabi" ya zama sandar da babba ke rufe bakin ƙarami da ita, mutumin farko na misalinmu, mai ƙirgar buhu, shi za a fara bugu, na uku mai zaƙin baki ya wuce lafiya. Alƙali na iya ɗaure mutum, amma ba ya iya sa masa kunya. Wannan aikin gida ne da na unguwa. A zauren WhatsApp na garinku, wa ke zaman dattijon da zai ce "ya isa haka"? In babu, ku naɗa. Kuma ya zama mai tsawata ma na ɓangarensa kamar yadda yake tsawata ma na wancan ɓangare, don tsawata ma abokin gaba kowa ya iya.

Akwai kuma asarar da ba a gani. In zaure ya cika da ashar, masu hankali ne ke fara fita. Malamin lakwal ya yi shiru. Tsoho mai sanin iyakar gonaki ya yi shiru. Mata kuwa su ne abin ya fi shafa. Namiji in ya yi maganar mulki, a ce masa maƙaryaci ko ɗan koren wane. Mace in ta yi, ba a amsa maganarta, sai a tafi ga aurenta da mutuncinta. Gobe mijinta ya ce ta fita daga zauren. Alhali ita ce ta san ko akwai magani a gidan likita, ita ta san nawa tiyar hatsi ta kai, ita ta san famfo ya yi wata nawa a lalace. An kore ta, an kori labarin da gari ke bukata.

Sauran magana ɗaya mai wuya, ta masu ɓoye suna. Mutane na cewa wanda ya ɓoye sunansa matsoraci ne. Ba kullum ba. Ƙaramin ma'aikacin da ya ga ana sata a ofishinsu, in ya faɗi sunansa zai rasa abincin iyalinsa, wataƙila ma fiye da haka. Ba za mu ce masa sai ya miƙa wuyansa ba. Amma ya san wani abu: mai faɗin sunansa ya ba da jingina, in ya yi ƙarya an san ƙofar gidansa. Wanda ya ɓoye suna bai ajiye kome ba. Saboda haka ba shi da damar cewa "ku yarda da ni". Sai ya kawo abin da wani zai iya zuwa ya duba da idonsa: ranar da mota ta zo, lambar takarda, wurin da aka sauke kaya, adadin buhu. In ya kawo waɗannan, a je a duba, ko ba a san shi ba. In kuwa abin da ya kawo daga cikin duhu shi ne zagin uwar wani da tonon asalinsa, saƙon ya tsaya a wayarka, kada ya wuce.